John Backus: Ɗalibin da jami'a ta kora, wanda ya koya wa kwamfuta tsimin aiki

A watan Afrilun 1957 wani kwali cike da katunan kwamfuta masu huji ya isa cibiyar binciken nukiliya ta Bettis, wadda kamfanin Westinghouse ke gudanarwa kusa da birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka. Babu takardar bayani a cikinsa. Ma'aikatan wurin suka yi hasashen cewa wannan ita ce manhajar da kamfanin IBM ya daɗe yana alkawarin fitarwa, suka loda ta a kwamfutarsu, suka ba ta wani ɗan gajeren lissafi don gwaji. Na'urar ta ƙi karɓa, amma ta buga musu dalili a rubuce: an manta da waƙafi a wani layi. Suka saka waƙafin, suka sake gwadawa, sai ga amsoshi suna fitowa shafi bayan shafi. Manhajar ita ce FORTRAN, wanda ya jagoranci ƙirƙirarta kuwa shi ne John Warner Backus, yana da shekara 32 a lokacin.

Duk wanda ya san shi yana yaro ba zai yi masa wannan zato ba. An haife shi ranar 3 ga Disamban 1924 a birnin Filadelfiya, ya tashi a Wilmington ta jihar Delaware, a gidan mai hali, domin mahaifinsa dillalin hannun jari ne da ya tara dukiya. An kai shi makarantar kwana ta Hill da ke Pottstown, inda ya yi suna wajen faɗuwa jarrabawa da karya dokoki. A 1942 ya shiga Jami'ar Virginia don karatun kimiyyar sinadarai, amma bai cika shekara ba aka sallame shi saboda ƙin halartar darasi. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka ɗauke shi aikin soja.

Sojoji ne suka fara gane cewa yaron ba daƙiƙi ba ne. Gwajin basira da suka yi masa ya sa suka tura shi karatun injiniya a Jami'ar Pittsburgh, daga nan zuwa share fagen karatun likita a Kwalejin Haverford. Yana cikin aikin koyo a wani asibiti aka gano yana da ƙari a ƙashin kansa. Aka yi masa tiyata aka cire, aka toshe wurin da farantin ƙarfe. Farantin bai zauna daidai ba, daga baya aka musanya shi da wani wanda shi da kansa ya tsara fasalinsa. Makarantar likitan da ya shiga a New York kuwa wata tara kacal ya yi ya bar ta, saboda a ganinsa karatun duk hadda ne, ba a neman mutum ya yi tunani.

Da ya bar soja a 1946 ba shi da wani buri da ya wuce ya harhaɗa wa kansa na'urar sauraren kiɗa mai kyau. Wannan ya kai shi makarantar koyon gyaran rediyo, inda wani malami ya sa shi taya shi wasu lissafe-lissafe, kuma a nan ya ji lissafi ya kwanta masa a rai. Ya shiga Jami'ar Columbia, ya sami digirin farko a fannin lissafi a 1949, na biyu a 1950. Ana dab da kammala karatunsa ya shiga hedikwatar IBM da ke titin Madison don kallon wata katafariyar na'urar lissafi mai suna SSEC, wadda aka girke a ƙasan bene yadda masu wucewa ke hango ta ta gilashi. Ya ambata wa mai zagayawa da baƙi cewa shi ɗalibin lissafi ne mai neman aiki. Nan take aka hau da shi sama wurin Rex Seeber, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera na'urar, ya yi masa 'yan tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, ya ɗauke shi aiki. Cikin ayyukansa na farko akwai lissafa matsayin wata a sararin sama.

Sai an san yadda ake rubuta manhaja a wancan zamani sannan za a gane abin da ya dame shi. Kwamfuta ba ta jin kowane harshe sai nata, wato jerin lambobi da ƙananan umarni: ɗauko wannan adadi daga gurbi kaza, haɗa shi da na gurbi kaza, ajiye amsar a gurbi kaza. Lissafin da masanin kimiyya zai rubuta a layi ɗaya yakan zama umarni goma sha ko fiye, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ɓata aikin mako guda. Bisa ƙiyasin Backus, abin da ake kashewa kan masu rubuta manhaja bai gaza kuɗin na'urar kanta ba, sannan tsakanin kwata zuwa rabin lokacin na'urar yana tafiya ne wajen farautar kurakurai. Masu wannan sana'a kuma sun ɗauki kansu tamkar wata ƙungiyar asiri, suna alfahari da dabarun da ba kowa ya sani ba, suna kallon duk wani yunƙurin sauƙaƙa aikin da idon raini. Shi kuwa Backus ya sha bayyana cewa ƙiwa ce ta tura shi neman mafita, domin bai son wahalar rubutun. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin raha, amma tarihinsa tun daga makaranta ya nuna mutum ne da ba ya jure aikin da bai ga amfaninsa ba.

A 1953 ya fito da wani tsari mai suna Speedcoding don kwamfutar IBM 701. Ya sauƙaƙa rubutu, amma ya sa na'urar tafiyar hawainiya, ninki goma ko fiye. Haka duk ire-irensa na lokacin suke, kuma ana haƙuri da su ne saboda dalili ɗaya: na'urorin ba su iya lissafin lambobi masu gutsure da kansu ba, sai ta doguwar hanya mai cin lokaci, don haka ɓarnar da tsarin ke yi takan ɓuya a bayan wannan jinkiri. Sabuwar kwamfutar da ke tafe, IBM 704, an gina mata wannan lissafi a jikinta. Backus ya hango cewa daga ranar da ta fito, duk wata ɓarnar lokaci za ta fito fili, babu sauran inda za ta laɓe.

A ƙarshen 1953 ya rubuta wa shugabansa, Cuthbert Hurd, takardar neman izinin kafa ƙaramin ayari. Manufar ita ce a ƙirƙiri harshen da mutum zai rubuta lissafi kusan yadda yake rubuta shi a allo, tare da wata manhaja da za ta juya rubutun zuwa harshen na'ura. Irin wannan manhaja ita ake kira kompaila, aikinta kuwa aikin tafinta ne. Hurd ya amince. A watan Nuwamban 1954 suka fitar da rahoton farko kan harshen, suna tsammanin gama tafintan cikin wata shida. Sai da ya ci fiye da shekara biyu, da aikin da aka ƙiyasta daidai da na mutum ɗaya na shekara 18.

Tsara harshen bai ba su wahala ba, kusan a kan hanya suka yi shi. Abin da ya cinye shekarun shi ne sharaɗin da Backus ya gindaya wa kansa: dole fassarar ta yi sauri kusan kamar wadda gwani ya rubuta da hannu. Ya yi imanin cewa ko da rabin saurin aikin hannu ta samu, masu sana'ar za su yi watsi da ita, su kuma sami hujjar cewa abin ba mai yiwuwa ba ne. Tafintan da ke fassara kalma bayan kalma ba zai wadatar ba. Ana buƙatar wanda zai karanta dukan rubutun, ya fahimci abin da ake nufi, ya sheƙe ƙaiƙayi ya bar tsaba. Daga wannan sharaɗi fannin tace manhaja ya samo asali.

Aka raba tafintan kashi shida, kowane kashi da masu shi. Peter Sheridan ya ɗauki fassarar jimlolin lissafi. Don tabbatar da cewa ninkawa ta riga tarawa, dabararsa ita ce a cusa wa jimlar baka-baka masu yawa a gefen kowace alama kafin a fassara ta. Wannan yakan haifar da matakai barkatai marasa amfani, sai wani zagaye na biyu ya bi ya kwashe su, ya kuma gano inda aka maimaita lissafi iri ɗaya sau biyu don a yi shi sau ɗaya. Robert Nelson da Irving Ziller suka ɗauki umarnin da ake maimaitawa a zagaye, inda kwamfuta ke ɓatar da mafi yawan lokacinta. Umarni guda da aka fitar daga cikin zagayen da ke juyawa sau dubu ya rage aiki dubu ba ɗaya.

Lois Haibt, mace ɗaya tilo a ayarin, wadda ta zo daga Kwalejin Vassar, ita aka ba nazarin hanyoyin da manhaja ke bi. Sashenta yana yanka rubutun gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa jerin umarni ne mai ƙofar shiga ɗaya da ta fita ɗaya, sannan ya zana taswirar wace gaɓa ke kaiwa ga wace. Daga nan tafintan yakan kwaikwayi gudanar da manhajar sau da yawa, yana jefa ƙuri'a a kowace mararraba, don ya ƙiyasta hanyar da za a fi bi. Wannan bayani shi Sheldon Best, wanda aka aro daga cibiyar MIT, yake amfani da shi. IBM 704 tana da wasu ƙananan ma'ajiyoyi guda uku kacal da ake ƙirga matsayi da su, alhali manhaja na iya buƙatar goma sha. Idan ukun sun cika, wanne za a zubar? Amsar Best ita ce a zubar da wanda za a fi daɗewa ba a sake nemansa ba. Roy Nutt na kamfanin United Aircraft ya ɗauki shigar da bayanai da fitar da su, Harlan Herrick, David Sayre da Richard Goldberg suka riƙe sauran sassa da gwaje-gwaje. Da yake da rana ba a samun na'urar, sukan yi aikinsu da dare, su kama ɗaki a wani otal na kusa su yi barci da rana.

Lokacin da abin ya fara aiki, su kansu sun sha mamaki. Sau da yawa tafintan yakan jujjuya rubutun har masu shi su kasa gane shi, su ɗauka kuskure ne, sai sun bi diddigi su tarar daidai yake, kuma ta hanyar da ba ta zo musu a rai ba. Masu raini suka yi shiru. Kafin 1958 ta ƙare, FORTRAN ya zama abin aikin yau da kullum a yawancin wuraren da ke da IBM 704, sauran kamfanoni kuma suka shiga ƙera nasu tafintocin don harshen. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatun kimiyya ko injiniya a jami'o'in Najeriya a shekarun 1980 da 1990 da wannan harshe suka fara koyon rubuta manhaja, kuma har yau manyan manhajojin hasashen yanayi da dama da shi aka rubuta su.

Taswirar gaɓoɓin da ayarin Backus ya zana ita ce ta buɗe hanyar dabarun da suka biyo baya, kuma mafi sauƙin fahimta a cikinsu ita ce cire mataccen umarni. Umarni yakan mutu ta hanya biyu. Akwai wanda babu wata hanya a taswirar da ke kaiwa gare shi, kamar ɗakin da aka gina ba ƙofa. Akwai kuma wanda ana gudanar da shi, amma ba mai amfani da amsarsa. A ce manhaja ta ninka farashi da yawan kaya ta ajiye amsar a wani gurbi, sai layi na gaba ya zuba wani adadi dabam a gurbin nan kafin kowa ya duba na farko. Ninkawar ta tashi a banza. Don gano irin wannan, tafinta yakan bi rubutun ta baya, daga ƙarshe zuwa farko, yana tambaya a kowane mataki: wane adadi ne har yanzu wani na gaba ke jira? Duk umarnin da ya samar da abin da ba a jira, a cire shi. Da an cire shi kuma, waɗanda suka yi masa hidima su ma sai su mutu, a sake bi a kwashe.

Mai karatu na iya tambaya, wane mai hankali ne zai rubuta umarnin da ba shi da amfani? Kaɗan ne ke yin haka da gangan. Mafi yawan matattun umarni tafintan ne da kansa ke haifar da su yayin sauran gyare-gyarensa, kamar yadda dabarar Sheridan ke barin tarkace a baya. Idan ya gano cewa wani sharaɗi ba zai taɓa cika ba, duk reshen da ke ƙarƙashinsa ya mutu. Idan ya maye gurbin wani suna da adadin da ya tabbata yana ɗauke da shi, layin da ya fara ajiye adadin ya zama ba shi da aiki. Shi ya sa ake maimaita sharar sau da yawa a cikin fassara guda.

Aikin yana da iyaka, yana kuma da haɗari. Tun 1936 Alan Turing ya tabbatar da cewa akwai tambayoyi game da halin manhaja da babu wata hanyar lissafi da za ta amsa su a kowane hali, saboda haka babu tafintan da zai iya gano dukan matattun umarni. Ƙa'idar ita ce, in ana shakka a bar shi. Umarnin da ke buga wani abu, ko aika saƙo, ko motsa wata na'ura, ba a taɓa shi ko da ba mai karanta amsarsa. Duk da haka akan yi tuntuɓe. Mai rubuta manhaja yakan sa umarnin goge kalmar sirri daga ma'ajiya bayan an gama da ita, tafinta kuma ya ga ba mai sake duba gurbin, ya ɗauki gogewar a matsayin aikin banza ya cire ta, kalmar sirrin ta zauna a inda ɓarawo zai iya samunta. Matsalar ta kai sai da aka ƙara wa ƙa'idojin harshen C na 2011 wani umarnin gogewa na musamman da aka hana tafinta cirewa.

Ba Backus ne ya tsara waɗannan dabaru a matsayin ilimi mai ƙa'ida ba. Wannan aikin waɗanda suka biyo sawunsa ne a IBM. A 1957, shekarar da FORTRAN ya fito, kamfanin ya ɗauki wata tsohuwar malamar lissafi mai suna Frances Allen, ya ba ta aikin koya wa masanansa sabon harshen, waɗanda yawancinsu ba su so. Don ta iya koyarwa sai ta zauna ta karanta tafintan kansa, kuma daga nan ba ta sake barin fannin ba. Ita da John Cocke suka fitar da wani kundi a farkon shekarun 1970 da ya jera dabarun tace manhaja ɗaya bayan ɗaya, har da cire mataccen umarni. A 1973 Gary Kildall ya nuna cewa da yawa daga cikin irin waɗannan nazarce-nazarce ana iya yin su da tsarin lissafi guda.

Shi kuwa Backus ya riga ya yi gaba. Ya shiga kwamitin masanan Amurka da Turai da ya zauna a Zurich a 1958 don tsara harshen ALGOL. A 1959, a wani taron UNESCO a Paris, ya gabatar da hanyar rubuta nahawun harshen kwamfuta dalla-dalla ba tare da harshen damo ba. Peter Naur ɗan ƙasar Denmark ya gyara ta ya yi amfani da ita a rahoton ALGOL 60, kuma har yau da sunan su biyun ake kiranta. A 1963 IBM ya ba shi muƙamin da ke ba masani 'yancin binciken duk abin da ya ga dama. Ya koma Kalifoniya da zama. A 1975 aka ba shi lambar yabo ta kimiyya ta ƙasar Amurka, a 1977 kuma lambar Turing, wadda ita ce mafi girma a fannin kwamfuta.

A jawabinsa na karɓar lambar Turing ne ya ba mutane mamaki. An zaci zai yi bitar nasarorinsa, sai ya juya ya soki dukan zuriyar harsunan da FORTRAN ya haifa. A ganinsa sun yi ƙiba ba ƙarfi, kuma duk sun ɗaure tunanin mai rubutu ga fasalin na'urar John von Neumann, inda ake jigilar bayani ɗaya bayan ɗaya tsakanin ma'ajiya da sashen lissafi ta wata ƙuntatacciyar hanya. Babban abin zarginsa shi ne umarnin nan na zuba sabon adadi a gurbin da ke riƙe da tsoho. Ya ba da shawarar a koma ga salon da ake gina manhaja ta hanyar harhaɗa ayyukan lissafi, ba tare da canza abin da aka riga aka ajiye ba, ya kuma gabatar da harshen FP a matsayin misali.

Idan aka duba da kyau, abin da ya soka shi ne ainihin abin da ke wahalar da tafinta. Saboda gurbi ɗaya na iya canza abin da ke cikinsa sau ɗari ne ake buƙatar duk wannan bin diddigi kafin a san wane umarni ke raye, wanne ya mutu. Harsunansa na FP da FL, wanda ya biyo baya a shekarun 1980, ba su karɓu a kasuwa ba, kuma ya yi shekaru yana fama da su ba tare da ya kai inda yake so ba. Amma a cikin waɗannan shekarun wasu masanan IBM suka fito da wata hanya da tafinta ke sake rubuta manhaja a cikinsa yadda kowane suna sau ɗaya tak ake ba shi adadi. A wannan fasali, gano mataccen umarni ya kusa zama ƙirga kawai: sunan da ba wanda ya ambata, a cire layin da ya samar da shi. Manyan tafintocin yau irin su GCC da LLVM da wannan hanya suke aiki, kuma a 1998 masani Andrew Appel ya nuna cewa fasalin, a asalinsa, salon nan ne da Backus ya yi wa kira.

Ya yi ritaya daga IBM a 1991, bayan shekara 41 a kamfanin. A 1993 aka ba shi lambar Draper ta injiniyoyi saboda FORTRAN. Ya janye daga harkar kwamfuta kusan gaba ɗaya, ya koma karatu da sauraren kiɗa. Bayan rasuwar matarsa a 2004 ya bar San Francisco ya koma garin Ashland na jihar Oregon, kusa da ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata biyu. A watan Fabrairun 2007 aka sanar da cewa Frances Allen ce ta lashe lambar Turing saboda aikinta kan tace manhaja, mace ta farko da ta taɓa samunta. Bayan 'yan makonni, ranar 17 ga Maris, John Backus ya rasu a gidansa da ke Ashland yana da shekara 82.